Taliyar Afo

Tun ranar da Baban Ummi ya shigo gida da labarin an ba shi gurbin ƙaro karatu a Maleshiya, kuma har da iyali za a tafi, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: me Ummi za ta ci? Matan layinmu a Limawa suna ta shigowa barka, wai Hadiza za ta hau jirgi, ni kuwa cikin yarinyar nan nake kallo. Ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ko a gida ba mai ci ba ce. Kunun gero da tsamiya kawai ta yarda da shi, sai tuwo in an dama mata shi da miyar kuka ya yi ruwa-ruwa. Sunan surukata gare ta, shi ya sa muke ce mata Ummi. Inna mai sunan ta taso da kanta daga Kiyawa ta ce a bar mata yarinyar, ga nono ga fura, in mun dawo mu tarar da ita ɓul-ɓul. Na ƙi. Ban taɓa musa wa Inna magana ba sai ran nan. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "To, Hadiza. Yadda kika tafi da ita, haka za ki dawo mini da ita."

Saboda haka na yi shiri irin na mai tsoro. Jaka guda na cika da surfaffen gero da garin kunu da tsamiya da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, har da man shanun da Inna ta soya. A wata ƙasar Larabawa da muka sauka muka canza jirgi, jakar nan ta kama gabanta. Ta littattafan Baban Ummi ta iso lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya yi ta sintiri ana ce masa gobe, har ya gaji ya daina. Har yau nakan tuna da bawan Allahn da ya buɗe jakar nan ya yi arba da daddawar Kiyawa, ban san halin da ya shiga ba.

Gidan da aka ba mu wani dogon bene ne, mu muna can sama, inda in na leƙa ƙasa sai kaina ya juya. Ƙofofi a jere kamar ɗakunan asibiti, wannan na Malayawa, wannan na Indiyawa, wannan na 'yan Sin. Kullum da la'asar sai an yi ruwa, ga zafi mai danƙo, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba. Baban Ummi yana fita da sassafe, sai bayan magariba. Abu biyu ya ja mini kunne a kai. Na ɗaya, kada in kuskura in fita ba da ɗan katin da aka ba ni ba, don garin nan komai sai da takarda. Na biyu, in na ji an ce babi, to ba babin littafin Islamiyya ba ne, da yarensu alade ke nan. Ni da karatuna bai wuce firamare ba, na riƙe waɗannan biyun kamar karatun sallah.

Mutanen nan taliya suke ci kamar an yi musu wahayi da ita. Da safe taliya, da rana taliya, mai gadi taliya, mai mota taliya. Ni a Dutse taliyar da na sani ita ce ta murji, wadda ake shanyawa a igiya, a dafa a zuba manja da yaji, shi ke nan. A can kuwa na tsaya a rumfunan da ke ƙasan benenmu, Ummi a bayana, na ga iri-iri. Akwai rawaya mai kauri da suke soyawa a wani kasko mai zurfi, wuta na tashi har ta fi mai suyar tsawo. Akwai fara siririya kamar zaren ɗinkin hula, wai da garin shinkafa ake yin ta. Akwai mai faɗi kamar mazagin wando. Wata a cikin romo take iyo, romon kuma da ruwan kwakwa aka yi shi, ya yi ja da barkono. Na ga awara ma, sak irin tamu, suna ce mata tahu. Baban Ummi ya ce ai daga wajensu awara ta samo asali, na ce ban yarda ba, a gaban idona matan Limawa suke yin ta. Suna da tasu daddawar, ta ƙananan jatan lande, in aka gasa ta duk benen sai ya ɗauka. Ranar da na fara jin warin nan na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, don ya yi kama da gida amma ba gida ba ne.

Duk wannan kallo ne kawai, ban saya ba. Ina zan san wacce ce da babi a ciki? Shinkafa da kifin gwangwani muka yi ta ci. Wani ɗan Afirka, ba zan faɗi ƙasarsa ba, da yake bin gidajen ɗalibai da kaya, ya rantse wa Baban Ummi yana da garin tuwon masara na gaske. Na ɗora ruwa da murna har ina waƙa. Da na zuba garin nan na tuƙa, sai ga wani abu garai-garai yana miƙewa kamar ƙaro, muciya ta kafe a ciki. Ashe sitaci ne. Mutumin bai sake biyowa ta layinmu ba. Ban dai yi asara duka ba, kaftanan Baban Ummi sun sha sitaci har muka bar ƙasar, in yana tafiya ana jin ƙararsu.

Ummi kuwa ta rufe baki. Shinkafa ta tofar, burodi ta murmushe shi a ƙasa, madara ta kau da kai. Ruwan shayi kawai take kurɓa, sai ta lashi biskit ta yar. Awarwaron hannunta da a gida sai da sabulu ake cire shi, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Wuyanta ya fito. Ta daina guje-guje, sai ta kwanta a tabarma tana bin fanka da ido. Mun kai ta asibiti, likita ta duba ta ce ba ciwo, sauyin wuri ne, a ba ta abin da ta fi so. Abin da ta fi so gero ne.

Wata rana ina zazzage jakar hannuna sai ga 'yan ƙwayoyin gero sun maƙale a ɗinkin ciki. Na tattara su a tafin hannu kamar zinariya, na goya Ummi, na ɗauki katina na sauka shagon da ke bakin titi. Na nuna wa mai shagon. Ya sa tabarau ya duba, ya murza ɗaya, sannan ya girgiza kai ya ce, "Takada."

Na ce shi ke nan, takarda yake nema. Na miƙa masa katin. Ya dube shi ya dube ni, ya sake cewa takada. Na ce a raina to wannan ƙaramar ba ta isa ba ke nan, babbar yake so. Na hau sama da sauri, na buɗe akwatin da Baban Ummi ya hana ni taɓawa, na kwaso fasfo ɗinmu na dawo na jera masa a kan teburi. Mutumin nan ya kira matarsa daga ciki, suka yi ta dariya, ita har tana dafa kafaɗata, suna ta kaɗa hannu suna cewa takada, takada. Na tattara kayana na fita kunya kamar in nutse. Na gwada wani shagon, nan ma takada. Sai na yanke a raina cewa a ƙasar nan ba a sayar wa baƙo gero sai da wata takarda ta musamman, mu kuma ba a ba mu ba. Ban gaya wa Baban Ummi ba, saboda sai na faɗi maganar akwati.

Da abin ya ishe ni, sai na yi abin da na ga ana yi a gida. Na jiƙa shinkafa na niƙa na dama kunu, na miƙe ƙafa na kwantar da Ummi, na toshe mata hanci na tara hannu a bakinta, na fara ɗura. Kunun ya bi ta inda bai kamata ba. Ta shaƙe, idanunta suka juye, jikinta ya saki. Na ɗaga ta ina jijjigawa ina salati, sai Allah ya sa ta amayar, ta fasa wata irin ƙara da ban taɓa jin ta yi ba. Ina cikin haka aka buga ƙofa.

Tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tamu ce, 'yar Sin, ƙarama, gashinta fari fat an yanke shi iya kunne. Yaran benen suna kiran ta da wani suna, wai kaka ke nan da yarensu, harshena ya mayar da shi Afo. Kullum tana kan 'yar kujera a bakin ƙofarta tana naɗe wasu takardu masu ruwan gwal, tana mayar da su kamar ƙananan kwale-kwale tana tarawa a kwando. Wani lokaci ta sauka ƙasa ta ƙone su a cikin garwa. Na gane harkar addininta ce, shi ya sa in zan wuce nake ɗauke kai, Ummi ce dai take waiwayenta daga goyo. Ran nan Afo ta shigo ba sallama, ta dubi kunun da ya ɓata tabarma, ta dubi hannuna, ta kama damtsen Ummi ta auna da yatsu biyu. Ta yi wata doguwar magana da ban ji ko ɗaya ba, amma na san faɗa ne. Ta fita.

Washegari da hantsi ta dawo da kwano a rufe, tana riƙe da shi da hannu biyu. Ta buɗe, ƙamshin kaza da citta ya bugi hancina, ga taliya fara siririya a cikin romo. Ummi da ke bayana ta zuro kai, har da miƙo hannu, abin da ta daɗe ba ta yi wa abinci ba. Sai Afo ta nuna kwanon tana murmushi ta ce, "Takada babi. Takada babi."

Ni dai babi na ji. Takadda kuma na ce ko irin takardun nan nata na ƙonawa ta sa a ciki. Na yi a'uziyya na ture kwanon, romo ya fallatsa mata a hannu, na rufe ƙofa na sa sakata. Ummi ta yi ta kuka tana dukan ƙofar. Kashegari Afo ta sake kawowa, ta ajiye a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta tafi. Na bar shi nan har tururuwa ta rufe shi. Daga nan ba ta sake ba. Kujerar ma ta shige da ita ciki.

Ranar Juma'a Baban Ummi yakan dawo da wuri. Yana zaune da babbar rigarsa bai ko cire ba, yana kallon Ummi a kwance, sai na ga ɓoyon ya isa. Na ce ya yafe mini na taɓa akwati, kuma don Allah ya tambaya a makarantarsu wace takarda ake nema kafin a sayar wa mutum gero. Ya ce wace irin takarda? Na kwashe duka na gaya masa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa Hadiza kin kai wa mai shago fasfo. Ya ce ba takadda suke cewa ba, kalma biyu ce da yarensu, tak ada, ma'anarta babu. Mai shago cewa yake babu gero. Ni ma na fara dariya, sai na tuna, na ce to ita tsohuwar nan da ta ce takada babi fa? Na ba shi labarin kwano. Dariyar ta ɗauke.

"Babu alade," ya ce. "Matar nan cewa take yi miki babu alade a ciki."

Muka je tare, shi da ɗan yaren da ya tsinta, ni da Ummi a kafaɗa. Afo ta daɗe kafin ta buɗe. A bayan hannunta akwai jan tabo an shafa masa magani. Baban Ummi ya fara bayani yana haɗawa da hannu, ita ba ta ko kalle shi ba, ta kama hijabina ta ja ni har kicin ɗinta. Can gefe, nesa da tukwanenta, ta ciro wata leda. Sabuwar tukunya ce, takardar shago ma ba a ɓamɓare daga gindinta ba, da sabon ludayi da sabuwar wuƙa. Ta ce, Baban Ummi yana fassarawa, ita ta sayo su musamman don yarinyar, ba abin da ya taɓa shiga cikinsu sai kazar nan, kazar kuma a wajen Musulma mai lulluɓi ta ƙasan bene ta saya. Ta ce tun tana yarinya take zaune da Musulmi, ta san abin da ba sa ci.

Na durƙusa har ƙasa kamar yadda ake ba babba haƙuri a gida. Afo ta ɗauka jiri ne ya kwashe ni, ta fara yi mini fifita da murfin tukunya tana yi wa Baban Ummi faɗa wai ba ya ba ni abinci.

A ranar ta ɗauko tukunyar ta shigo kicin ɗina, ta aiki Baban Ummi ƙasa ya sayo kaza da kansa, don in gani da idona. Ta dafa ta da citta da tafarnuwa da farar albasa har naman ya saki ƙashi, ta tace romon. Ta miƙo mini ƙullin taliyar in zuba. Ni kuma na kama zan kakkarya kamar yadda muke yi, sai ji na yi ɗas a bayan hannuna, ta make ni da ludayi. Wai wannan ba a karya ta, tsawonta tsawon rai ne, ita ake dafa wa yaro da wanda ya tashi daga ciwo. Na ce wa Baban Ummi ya gaya mata tsawon rai na Allah ne. Ya ce Hadiza, ki zuba taliya. Na zuba a yadda take.

Aka sauke, aka fasa ƙwai a kai, aka zauna a tabarma. Ina ɗaukar cokali Ummi ta ƙanƙame baki ta ɓuya a bayan ubanta. Tun ranar ɗura, in ta ga hannuna da abinci haka take yi. Na ji ƙwalla ta taho. Afo ta karɓe cokalin ta ajiye can. Ta waiga, ta ga tsohuwar kalanda a bango, ta yage shafi ɗaya ba ta tambayi kowa ba. Ta ninka, ta juya, ta sake ninkawa, tana goge kowane layi da farce, ta ja nan ta tura can. Sai ga kan tsuntsu da dogon baki. In ta matsa gefensa bakin ya buɗe, in ta saki ya rufe. Ta zaro biro daga aljihun Baban Ummi ta ɗiga masa ido biyu.

Tsuntsun nan ya zagaya kwano yana leƙe, ya tsinci silin taliya ɗaya, ya kai wa Afo. Ta kama bakin silin ta zuƙe shi zuuu har ya ƙare, ta lumshe ido. Ya koma ya tsinto, ya kawo mini, na zuƙe. Ya kai wa Baban Ummi, shi da babbar riga da gemu, ya zuƙe, romo ya ɗiga masa a aikin askar rigarsa. Tsuntsu ya nufi Ummi, har ya kusa, sai ya fasa ya juya ya sake kai wa Afo. Haka aka yi ta zagaye ana tsallake ta. Na buɗe baki zan ce a ba ta, Afo ta harare ni na fasa. Ummi ta fito daga bayan ubanta. Ta matso. Da tsuntsun ya sake wuce ta, sai ta kama hannun Afo da hannu biyu ta ce, "Ni ma."

Ta zuƙi na farko, ƙarshensa ya make ta a hanci, ta yi dariya. Ta buɗe baki tana jiran na biyu. Bakin tsuntsu ya jiƙe ya lalace, Afo ta yage wani shafin. Watanni uku na kalandar nan suka tafi a zama ɗaya. Daga baya ma ta ture tsuntsun ta sa hannu a kwano, ta ɗaga ta shanye romon, barci ya kwashe ta a cinyar Afo da silin taliya a haɓa. Ni na tashi na shige ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Daga ranar kujerar Afo ta dawo bakin ƙofa, ni ma na fito da tabarmata. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma mukan wuni. Ta koya mini tsuntsun, da kwaɗon da in an danna bayansa yake tsalle, da kifi, da fitila mai ninki. Takardun gwal ɗin nan dai ban taɓa ba, ita ma ba ta taɓa miƙo mini ba. Ta koya mini soya rawayar taliya da kabeji, da yadda ake tsame fara kafin ta yi laushi a watsa mata ruwan sanyi. Cin abinci da tsinke biyu ne ya gagare ni, har ta haƙura. Ni kuma na soya mata awara na barbaɗa yajin da na daka, ta ci tana hawaye tana neman ƙari. Da na koyi yadda ake godiya da yarensu na yi mata, sai ta ce sama-sama. Na ce a raina duk godiyar nan ce sama-sama? Amma wannan karon na jira Baban Ummi na tambaya. Ashe haka suke cewa ba komai.

Mun dawo Dutse ana tsakiyar hidimar ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da wa'azi. Afo ta ba ni tukunyar nan, a hannu na riƙo ta har gida, ban yarda ta shiga cikin kaya ba. Inna ta ɗaga Ummi ta jijjiga, ta matsa cinyarta, ta tambaye ta me ake ba ta a can. Ummi ta ce taliya. Inna ta ce duk wannan uwar tafiyar, a rasa abin da za a ba mutum sai taliya. Wata maƙwabciya da ta ga ina naɗa wa yara tsuntsu ta ce anya ba gunki ba ne, a wannan lokaci? Hankalina ya tashi, na aika aka tambayi malamin Islamiyyarmu. Ya ce abin wasan yara ne, ba laifi, kuma in da hali a naɗa wa autansa ɗaya, shi ma ba ya cin abinci.

Ban san sunan Afo na gaskiya ba, ban san ko tana raye ba. Abin da zan roƙi mai karatu shi ne, in kina da yaron da ya rufe baki, ko kana da shi a gidanka, don Allah kada a yi masa ɗura. Na ga idon 'yata ya juye a hannuna, ba na so wata ta gani. A zo Limawa a tambayi gidan Maman Ummi mai taliya, zan koya wa kowa naɗin tsuntsun nan kyauta, ba shi da wuya. A dai taho da takarda, don ta gidanmu ta ƙare, Baban Ummi har kulle littattafansa yake yi.